Hudar da Dikko Ya Yi wa Kwamfutar Auta

Duk wanda ya bi ta Kwanar Dangora a shekarun tamanin da casa'in, in dai ya sauka daga mota don ya miƙe ƙafa, da wuya a ce bai ga rumfar Dikko ba. Tana nan tsakanin shagon Mainasara tela da wurin masu faci, rumfar langa-langa ce da ta sha rana har ta koma ja. Ciki tebur ne da benci, sai gawarwakin rediyo jibge har kusa da rufi, waɗanda masu su suka kawo gyara suka manta da su, ko suka mutu suka bari. Mai rumfar dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafo, magana ba ta dame shi ba. Ahmadu aka raɗa masa, amma da yake shi ne ɗan fari a gidan Fulani, sai Dikko ya bi shi. 'Yan Kwana kuwa ba sa barin mutum da suna ɗaya, suka ƙara masa da Mai Huda.

A ruga aka haife shi, can tsakanin Dangora da Kiru, kuma da kiwo ya tashi kamar kowane ɗan gidan. Sai dai tun yana saurayi hankalinsa ba ya kan shanu. Ya taɓa kwance rediyon mahaifinsa don ya ga inda mai maganar yake zaune, ya sha sanda a kan haka, bai kuwa daddara ba. Da annoba ta faɗa wa shanu a farkon shekarun tamanin, garkensu ya ƙare suna ji suna gani, uban ma bai daɗe ba ya bi bayan dukiyarsa. Aka bar Dikko da tsohuwa, da ƙanne mata da suka yi aure daga baya, da Jibril, autan gidan, wanda a lokacin bai gama firamare ba. Dikko ya tafi Kano ya zauna a ƙarƙashin wani mai gyara, yana shara yana ɗebo ruwa yana kallon hannu, har ya koyi abin da ya koya. Ya dawo da akwatin katako cike da sukudireba da dalma, ya kafa rumfa, ya dawo da iyalin cikin gari.

Makiyaya ne suka fara riƙe shi. Bafulatani da rediyonsa ba sa rabuwa, yana rataye a kafaɗa duk inda shanu suka nufa, ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi. Suka ji akwai nasu a Kwana wanda za su yi wa bayani da Fulatanci bai yi musu dariya ba, suka riƙa zuwa daga dazukan Doguwa da Tudun Wada. Daga baya 'yan gari suka biyo, da direbobi, da masu shayi.

Sunan Mai Huda kuwa ya samo shi ne daga wata aƙida tasa da ba a iya raba shi da ita. Cewa yake kayan nan duk a ƙasar sanyi aka ƙera su, aka sa musu riga mai kauri, aka turo mana su nan su sha azaba. Kana kawo masa rakoda ko cajar batir, kafin ya taɓa kusa ko ɗaya sai ya kunna ta ya bar ta, can ya sunkuya ya kara kuncinsa a jikinta kamar mai jin zazzaɓin jariri. In ya ji zafi, sai ya sa basilla a garwashi ta yi ja, ya bi bayan robar da huda. Mutane su yi ta dariya, su kuma ci gaba da kawowa, don abin yana aiki. Amfilifayar masallacin Juma'a, wadda duk bazara sai ta ɗauke a tsakiyar huɗuba ta bar liman yana yi wa sahun gaba kaɗai wa'azi, shi ya huda ta ya ɗaura mata 'yar fanka, tun daga nan ba ta sake yin shiru ba.

Abin dariyar shi ne, uwar da ta haife shi ita aikinta toshewa. Inna ba ta iya ganin kafa ta bar ta. Tana da curin kakin zuma a cikin gwangwani, wanda masu amya na Doguwa ke aiko mata, ta gasa shi a bakin murhu ta murza da yatsa. Ƙwaryar nono ta tsage, ta ɗinke ta shafe da kaki. Bokiti ya fara yoyo, kaki. Akwatin kayanta ya samu 'yar kafar da kyankyaso zai iya bi, kaki. Balaraba, matar Dikko, takan yi dariya ta ce ɗa yana hudawa a Kwana, uwa tana toshewa a gida, kuma kowannensu gani yake shi ne mai gyara.

Tsakanin Inna da Dikko akwai kunyar ɗan fari, irin ta mutanen da, mai nauyi. Ba ta taɓa kama sunansa ba. In ya shigo gaisuwa da safe ya durƙusa a ƙofar ɗaki, sai ta juya wa bango fuska ta amsa ciki-ciki. In tana da saƙo, Balaraba take gaya wa: ki ce wa wancan gero ya ƙare, ki ce wa wancan rufin ɗaki na zuba. Dikko ya san al'ada ce, ba ƙiyayya ba, kowa ma ya sani. Amma sanin bai hana abin yi masa ciwo ba. Yana kallo duk wata fara'a da ke cikin tsohuwar ta tattara ta juye wa Jibril. Shi ake kira da suna, shi ake ajiye wa man shanu, shi ake tambaya ko ya ci ya ƙoshi. Dikko bai yi hassada ba, don shi ma yaron ne a ransa. Shi ya riƙa goya shi a keke zuwa makaranta, kuma duk abin da rumfa ta haifa a shekarun nan karatun Jibril ne ya lashe, har ya je Zariya ya dawo malamin dabbobi.

An ɗauki Jibril aiki a Tudun Wada, a wata ƙungiya mai yi wa shanu rigakafi, aka ba shi babur. Yaro ne mai ladabi, kada a yi masa ƙarya. Ba ya wuce rumfa bai tsaya ya gaida yayansa ba, Sallah kuma ba ta wucewa bai kawo wa Balaraba turmin atamfa ba. Abu ɗaya ne ba ya yi. Bai taɓa ɗora wani abu nasa a kan teburin nan ya ce a gyara ba. Rediyonsa ya lalace, Kano. Rakodarsa ta fara cin kaset, Kano. Wata rana ma da rakodar ɗaure a bayan babur ya tsaya ya yi gaisuwa, ya wuce. Mainasara tela, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, ya leƙo ya ce, "Mai Huda, na gida dai ya san ka, shi ya sa ya tsere da kayansa." Aka yi dariya, Dikko ma ya taya su. Amma ranar abincin rana bai shiga cikinsa ba. Shi fa bai nemi godiya a wurin yaron ba, bai nemi a rama masa komai ba. Abin da yake so kawai Jibril ya yarda da hannunsa ko sau ɗaya ne, hannun da ya ciyar da shi.

Ranar ta zo a bazarar shekarar casa'in da takwas, lokacin da kwalta ke kama takalmi, mangwaro ya cika kasuwa. Jibril ya tsayar da babur, wannan karon bai yi gaisuwar daga kai ba, ya sauko ya zauna a benci da wata baƙar jaka a cinyarsa.

"Yaya, sannu da aiki."

"Yawwa, Auta. Ya hanya? Ya zafin nan?"

"Zafin ne ma ya kawo ni."

Ya zuge jakar ya fito da wani abu ruwan toka, faɗinsa bai kai na allo ba amma ya fi shi kauri, ya buɗe shi gida biyu. Kwamfuta ce 'yar ƙarama, irin wadda ake ɗorawa a cinya. Dikko ya taɓa hango manyan a Kano ta bayan gilashi, bai san akwai 'yar wannan ba. Ta ƙungiya ce, in ji Jibril, a ciki yake zuba duk aikin rigakafin da suke yi a rugage. Tun da zafi ya shigo, ba ta jimawa a kunne sai ta ɗauki zafi ta mutu da kanta, sai ta huce sannan ta tashi. Ga manyan ƙungiyar za su zo ganin aiki ranar Litinin, shi aka ce ya tsaya gabansu ya nuna, kuma daga wannan nunin ne za a san wanda za a ba shugabancin shiyya. Ya kai ta Kano, sun ce sai dai a aika Legas.

"Ban san ko za ka iya duba ta ba, Yaya."

Dikko ba wawa ba ne. Ya ji sarai cewa sai da Kano ta gaza aka tuna da shi. Amma ya kawar da wannan gefe, ya goge hannuwansa a jikin riga, ya share teburin da bai taɓa sharewa don kowa ba, ya ce a ajiye ta nan.

Bai yi gaggawa ba. Ya sa Jibril ya kunna ta, ya zauna yana saurare. Akwai 'yar fanka a ciki, ana jin kukanta siriri, tana ta wahala. Da aka jima ya kara kuncinsa a ƙasan, ya janye da sauri. Ya kai tafin hannu gefen da iska ya kamata ta fita, bai ji komai ba sai ɗan huci. Ya kwance ta a hankali, yana jera ƙananan kusoshin a murfin gwangwanin madara, ya kuwa ga abin da ya zata. Fankar ba ta fi kwabo faɗi ba, ta cika da gashin shanu da burbushin dusa, sannan ba ta da inda za ta shaƙo iska sai wata 'yar tsaga da ke toshewa da zarar an ajiye abin a kan tebur. Ya ce da Jibril, "Hanci ɗaya aka ba ta, shi ma an danne shi."

Ya share fankar da gashin kaza. Ya yanko ɗan falle daga murfin tukunyar alminiyam, ya daddake shi ya goge har ya yi santsi, ya kwantar da shi a wurin da ya fi zafi don ya ja zafin ya kai bakin fanka. Sannan ya ware marfin ƙasan gefe guda, nesa da kayan ciki, ya sa basilla a wuta. Nan Jibril ya miƙe tsaye.

"Yaya, kayan mutane ne fa."

"Na sani. Ko dai ta numfasa, ko ta mutu a gaban baƙinka. Zaɓi ɗaya."

Jibril ya koma ya zauna, ya mayar da idonsa titi. Dikko ya yi hudar nan layi-layi daidai saitin fanka, hudar da ta fi kowace da ya taɓa yi kyau, ya kankare bakin kowace kafa da reza. Ta ciki ya liƙa ɗan yankin ragar sauro ta waya don kada ƙwaro ya shiga. Ya yanko roba daga tsohon silifa ya yi mata ƙafafu, ta ɗan tashi daga kan tebur. Ya mayar da komai inda yake, suka kunna ta suka bar ta a ƙarƙashin langa-langa da rana tsaka, lokacin da ko akuya ta nemi inuwa. Aka yi azahar aka dawo, tana nan. Aka yi la'asar, tana nan. Iska mai ɗumi na fita ta gefe har tana kaɗa ɗan zaren da Dikko ya kara.

Jibril ya dube shi ya ce, "Yaya, ashe haka hannunka yake?"

Maganar ke nan, ba ta fi haka ba, amma Dikko ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya sunkuyar da kai yana gyara kayan teburin da ba su buƙaci gyara ba, don kada a ga idonsa. Ya yi masa kashedi, kada a ɗora ta a kan katifa, kada a rufe ƙasan da komai. Ranar har tsire ya saya ya kai gida. Balaraba ta yi ta tambayar abin da ya faru, shi kuwa sai murmushi, don ba mutum ne da ya saba ba da labarin daɗinsa ba. Jibril ma bai gaya wa kowa a gida ba, shi kansa hudar tana ɗan ba shi tsoro. A duk rayuwar Dikko, 'yan kwanakin nan ne kaɗai ya yi tafiya bai ranƙwafa ba.

Jibril ya yi ƙarshen makon a gida, ya kama hanyar Tudun Wada da sassafen Litinin. Bayan la'asar, Kwana cike da mutane, sai ga baburinsa a guje. Bai yi sallama ba. Ya dire jakar a kan tebur ya ce, "Ga aikinka nan."

Ya faɗi abin da ya faru da ƙarfi, yadda masu faci da fasinjojin da ke jiran mota duk suka ji. Kwamfutar ta tashi lafiya a gaban baƙi. Yana cikin bayani fankar ta fara gurnani, wani ƙauri ya tashi, fuskarta ta yi baƙi. Aka jira ta huce, ba ta tashi ba. Shugabansa ya juya ta, ya ga ƙasan duk huda, ya tambaye shi a gaban kowa wa ya ba shi izinin kai kayan ƙungiya wurin mai gyaran rediyo.

Dikko ya ɗauki sukudireba. Yana ɗaga marfin wani ƙamshi ya bugi hancinsa ta ƙarƙashin ƙaurin, ƙamshin da ya sani tun yana goye. Kakin zuma ne. Ya narke, fankar ta zuƙo shi ta ragar, ya naɗe ta ya tsayar da ita, sauran ya malala a kan kayan ciki ya ƙone. Ya juya marfin. Kafofin tsakiya sun buɗe tun da kakinsu ya shige ciki, amma na gefe, inda zafi bai kai sosai ba, suna nan a toshe, an shafe su sumul, an ma cuɗa kakin da ɗan toka don ya saje da launin robar. A kan ɗaya har da shatin babban yatsa. Mutum ɗaya ya sani a duniya mai irin wannan aikin, kuma a gidansa take.

"Mene ne wannan?" in ji Jibril. "Kyandir ɗin da kake ɗiga wa rediyo ka ɗiga mata?"

Da gaske Dikko yakan ɗiga kyandir a kan 'yan wayoyin rediyo don su zauna, ga ma guntun nan a kan tebur. Duk idanu suka koma kansa. Ya yi tambaya a hankali.

"Auta, da ka je gida, ina ka ajiye ta?"

"A ɗakin Inna mana. Ina ake ajiye abu mai daraja a gidanmu? Ko ita za ka ɗora wa?"

Amsar tana bakin Dikko, da ya faɗe ta ya wanke kansa tas. Amma a faɗe ta a ina? A bakin titi, a gaban masu faci da 'yan kamasho, ɗan fari ya buɗe baki ya ce uwarsa ce ta yi ɓarna? Ya kuma san tsohuwar. In ta ji hannunta ne ya karya autanta, ba za ta yi kuka ba, ba za ta yi magana ba, abinci kawai za ta daina ci. Ya ajiye marfin, ya kife shi yadda shatin yatsan zai kalli tebur.

"A'a," in ji shi. "Ni ne."

"Dama tun farko zuciyata ba ta kwanta ba," in ji Jibril. Ya tattara gawar kwamfutar ya zuba a jaka, ya hau babur ya tafi.

Ba a kori Jibril ba. An ba wani shugabancin, an karɓe babur, aka mayar da shi sito yana jera kwalaben magani. Aikin watanni da ke cikin kwamfutar ya tafi tare da ita. A Kwana kuwa, halin mutanenmu sai su. Shekara da shekaru mutum yana gyara musu kaya ba wanda ya ɗauki labarin ya kai gaba, amma ɓarna ɗaya, kafin ka ce kwabo ta hau mota ta isa Bebeji. Waɗanda jiya suke dariya suna kawowa, yanzu dariyar suka riƙe, kayan suka kai wani wuri. Da amfilifayar masallaci ta nemi ɗan gyara, a ɓoye aka sa ta a mota, ta wuce ta gaban rumfarsa da hudarsa a jikinta. Makiyayan daji ne kaɗai suka ci gaba da zuwa, su ma wasunsu sai sun roƙe shi kada ya sa basilla. Mainasara tela ya daina tsokanarsa, ya koma gaishe shi a ladabce kamar yana gaida mai karɓar ta'aziyya, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo.

Balaraba ce ta kawo masa sauran labarin, bayan ta gaji da ganinsa yana ture tuwo gefe. Tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ni fa na gani." Ranar Lahadin nan, Jibril ya fita gaishe-gaishe, ta shiga ɗakin Inna kai fura, ta tarar da ita da abin a kife a cinyarta, ga gwangwanin kaki a gefe. Tsohuwar ta ɗaga jakar ne za ta yi shara, abin ya zamo, ta ga hudar. Ba sai an gaya mata aikin wane ne ba.

"Me ta ce?" in ji Dikko.

Balaraba ta faɗa yadda aka faɗa mata. "Cewa ta yi, 'Dubi abin da wancan ya yi wa kayan hukuma, ya mayar da shi rariya. In mutanen ofis suka gani, kama shi za su yi. Bari in rufa masa asiri. Kada ki gaya wa kowa, ko shi.' Ni kuwa ban san har a irin wannan na'urar hudar magani ce ba. Da ka buɗe baki ka gaya min ranar da ka sayo tsire, ai da na hana ta."

Tun da Dikko ya yi wayo bai taɓa jin wani abu da Inna ta yi don shi ba, shi kaɗai, ba don gida ba. Ashe tana kallonsa. Ashe da ta ga abin da ta ɗauka laifinsa ne, ba Jibril ta fara tunawa ba, shi ta tuna, ta zauna da idonta da ba ya gani sosai tana bin kafofin nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya jira tun yarinta ya zo, kuma shi ne ya rusa shi.

"Bari in gaya wa Jibril," in ji Balaraba. "Shi kaɗai. Ai ba sai duniya ta ji ba."

"Jibril ba ya iya riƙe fuskarsa. Yana shiga gaishe ta za ta gane."

"To haka za ka zauna? Ana nuna ka da baki a kasuwa, ƙaninka ya ɗauke ƙafa, a kan abin da ba ka yi ba?"

"Ni na huda."

"Hudarka lafiyarta ƙalau!"

"Balaraba, in kika faɗa, ban yafe ba."

Ta buga rariyar tankaɗen a ƙasa ta shige ɗaki. Ba ta faɗa ba, amma ta yi fushi da shi, fushin da ya daɗe bai sauka ba.

Ita kuwa Inna, abin da ta sani shi ne ta yi iya ƙoƙarinta, ɓarnar ce ta riga ta yi nisa. Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noman farko. Jibril yakan zo a mota ya gaida tsohuwa ya koma, bai biya ta rumfa ba, kuma yakan daidaici lokacin da yayan ba ya gida. Tsohuwar ta lura. Wata safiya Dikko yana durƙushe a ƙofar ɗakinta, ta juya wa bango fuska kamar kullum, ta ɗaga murya ta kira Balaraba daga madafa, alhali ga shi nan ko hannu ta miƙa sai ta taɓa shi.

"Ki ce wa wancan, don shi ne babba ba shi zai hana ya ba da haƙuri ba. Ya ɓata wa yaro aiki, ya je ya same shi. Ba na so in mutu in bar su haka."

Balaraba ta buɗe baki, Dikko ya dube ta, ta rufe. Ya ce, "To, Inna."

Ya sa rigarsa ta Juma'a ya hau motar Tudun Wada. A hanya ya yi ta gaya wa kansa ba ya fatan komai, umarnin uwa zai cika ya dawo. Ƙarya yake yi wa kansa. Fata yake yaron ya ce, amma Yaya, ai a gabana ta yi aiki, tun azahar har bayan la'asar, me ya same ta daga baya? Tambayar kaɗai ta ishe shi, ko da ba zai amsa ta ba.

Ya tarar da Jibril a sito, ɗaki mai duhu mai warin maganin dabbobi, yana zaune a kan kwali, ya rame. Yaron ya miƙe da sauri ya jawo masa kujera, don ladabin nan bai bar shi ba. Dikko bai zauna ba. Ya tsuguna a gaban ƙaninsa, abin da babba ba ya yi, ya ce ya zo ne neman gafara a kan ɓarnar da ya yi masa.

Jibril ya kama hannuwansa ya ɗaga shi, idonsa ya ciko. Da gaske ya yafe, har zuciya, ana gani a fuskarsa.

"Haba Yaya, tashi don Allah. Wallahi ba komai, ya wuce. Kai iya abin da ka sani ka yi. Laifina ne da na kawo maka."

Dikko ya ce, "Haka ne." Ya yi masa sannu da aiki, ya fita bakin titi ya tsaya jiran motar Kwana.